Wayar da Na Rufe a Cikin Samira

'Ya'yana, yanzu mun iso shekarar da ta fi kowace yi mini nauyi a baki, kuma ita ce na fi ɗokin faɗa. Hadiza, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ga hawaye kada ki ajiye biro, kuka ba ya hana ni magana. Ita ce shekarar da garuruwan gabas suka riƙa faɗawa hannun mutanen daji ɗaya bayan ɗaya, Gombe ta cika da baƙi masu ƙunshin kaya a ka, kowace hanya aka datse ta da shingen sojoji. A lokacin muna gidanmu na Nasarawo. Ina sayar da kindirmo da man shanu a ƙofar gida. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya bar dillancin shanu saboda hawan jini, ɗan'uwanku Usman yana tuƙa keke mai ƙafa uku, yayanku kuma yana bin kasuwanni da baƙar jakarsa yana sayar da maganin dabbobi, har can arewacin Adamawa. Matarsa Rabi tana tare da mu da 'ya'yanta biyu.

Kun san ban taɓa kama sunan yayanku ba, kuma ba yau zan fara ba. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi, ta riƙe shi a ruga har ya yi wayo, shi ya sa ku kuke ce mini Dada, shi kuwa yake ce mini Adda kamar yadda ƙannena suke faɗa. Wayar da nake riƙewa shi ya ba ni, tare da tsohon layinsa, kuma wannan lambar ce kaɗai ya haddace a duniya. Ko ta matarsa sai ya duba yake kira.

Ranar da labari ya zo cewa garin da ya je cin kasuwa ya faɗi, mun kira shi har kunnuwanmu suka yi zafi, wayarsa ba ta shiga. Waɗanda suka tsere suka ce mutane sun watse cikin duwatsu, wasu sun tsallaka Kamaru da ƙafa, wasu ba a san inda suka yi ba. Kwana huɗu mahaifinku yana zuwa tasha yana leƙa fuskokin masu sauka daga mota. A na biyar ya faɗi a wurin alwala, buta a hannunsa. Ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ba mai ganewa sai ni. Daga ranar na san abu ɗaya nake roƙon Allah: yaron nan ya dawo ubansa yana da rai.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi ina auna wa wata yarinya nono, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, sai na ji muryar namiji yana kuka.

"Mama, ni ne. Mama, ba ki gane ni ba?"

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na zauna a kan dakali, na ce kai ne, kana ina, kana da rai? Ya ƙara fashewa da kuka.

"Ki kira sunana mana, Mama, in san kin gane ni."

Wallahi sunan ya zo har kan harshena. Amma harshen da ya yi shekara talatin da wani abu yana kauce wa suna ba ya sakinsa a rana ɗaya. Sunan ya ƙi fitowa, sai hankalina ya dawo gida. Na ce masa ɗana bai taɓa ce mini Mama ba, kuma ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai ce in kama sunansa ba. Nan take kukan ya tsaya kamar an rufe famfo. Ya auna mini ashar, ya kashe wayar.

Daga baya na fahimci yadda suke yi. Ba su san kowa ba, lambobi kawai suke bugawa, don sun san a shekarar babu gidan da ba ya jiran wani. Kai za ka ba su sunan da bakinka, su kuma su ɗauka su yafa, su ce suna asibiti ko suna hannun sojoji, a sayi katin waya da yawa a karanto musu lambobin. Haka suka yi wa maƙwabciyarmu Hajiya Laraba sati guda kafin ni, har ta sayar da keken ɗinkinta. Ni kuwa na tsira, sai labarina ya zagaye Nasarawo. Mata suka riƙa zuwa sayen nono don su ji daga bakina, ni ma ina ba da shi ina ƙara masa gishiri, ina kwaikwayon kukan ɓarawon har su riƙe ciki. Aka fara ce mini tsohuwar da ta gagari 'yan damfara. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin baƙin cikin da nake ciki wannan sunan ya yi mini daɗi. Duk wadda aka turo wa wani gargaɗi a waya, wurina take kawo shi, ni kuma in ce a yaɗa, a yaɗa maza, kada a cuci wata.

Sai ga wani saƙon tes daga Hajiya Laraba a wayar Rabi. Rabi ta yi makaranta, ita ke karanta mana komai. Saƙon ya ce akwai wata lamba da ke kiran mutane, ga ta nan an rubuta, ta 'yan damfara ce masu aiki tare da mutanen daji. In ka ɗauka za su ce ɗan'uwanka yana wurinsu. Kuma duk wanda ya ɗauka, jami'an tsaro suna gani a na'urarsu, za su zo su kwashe samarin gidan. A ƙarshe aka ce ka tura wa duk wanda kake ƙauna. Kwana biyu da zuwan saƙon, bayan sallar la'asar, wayata ta yi ƙara. Ban san boko ba, amma na san lambobi, ciniki ya koya mini. Na sa Rabi ta ajiye wayarta kusa da tawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ita ce. Doguwa ce, ta fi namu tsawo, da wata 'yar alama a gabanta. Akwai mata uku a tsakar gidan suna jiran man shanu, duk suka zuba mini ido.

Rabi ta ce da ni a hankali, "Dada, in shi ne fa?"

Na ce mata a gaban matan nan, so take a zo a ɗauke Usman a kan ɓarawon waya? Na rasa ɗaya, ba zan miƙa na biyu da hannuna ba. Kuma ku yi mini adalci a nan, tsoron ba na banza ba ne. A shekarar an ɗauki samari a unguwanni kan abin da bai kai wannan ba, wasu har yau ba a ji duriyarsu ba. Amma ba tsoro kaɗai ya yi magana a bakina ba, har da idanun matan nan uku. Na shiga ɗaki, na buɗe samira ta uku daga sama a cikin jerena, na jefa wayar, na rufe. Ban kashe ta ba, don ina sa ran wata rana lambarsa ta gaskiya za ta fito. Na ce wa Rabi in ta taɓa samirar nan ban yafe ba.

Sati uku lambar nan tana kira. Kullum bayan la'asar, ba ta fashi, sau biyu, sannan ta yi shiru sai gobe. Wayar takan yi kuka a cikin samira, murfin ya riƙa kaɗawa, in je in leƙa, in ga doguwar lambar, in mayar da murfin. Rabi takan ɗauki tsintsiya ta koma bayan gida ta yi ta sharar inda babu datti. Mahaifinku yana kwance a ɗakin, yana jin komai. Wata rana bayan ƙarar ta tsaya, ya yafito ni da hannunsa mai lafiya. Na sunkuya, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Saƙon nan, daga hannun wa?"

Wannan tambayar ce sana'arsa. Shekara arba'in a kasuwar shanu bai taɓa shiga cinikin saniya ba sai ya bi hannayen da ta ratsa. Wa ya kawo ta, shi kuma daga wa ya saya, haka har a kai rugar da aka haife ta. In aka kai wani hannu aka rasa na gaba, sai ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, ko da ribar ta kai nawa. Na ce masa daga Laraba ne. Ya ce ita fa? Na ce ban sani ba. Ya ce ɓarawo ba ya sallama a ƙofa ɗaya sati uku. Daga nan ya juya fuskarsa bango.

Washegari da sassafe na bar Hadiza da mahaifinku, na yafa mayafi, na ciro wayar daga samira na ƙulle ta a bakin zane, na ce wa Rabi ta ɗauko tata mu tafi. Ban gaya wa Usman ba, don na san zai tare ƙofa. Ku yarda da ni, tun da na taka waje na ji jinina yana gudu yadda bai yi ba tun ina budurwa, lokacin da nake bin babana cikin daji muna bin sawun saniyar da ta ɓata. Na manta da ciwon gwiwa. Hajiya Laraba tana wanke-wanke muka same ta. Ta rantse saƙon gaskiya ne, amma da na ce wa ta sani da lambar ta cuta, sai ta ce ita dai ƙanenta Sale, tela a Tudun Wada, shi ya turo mata. Muka tare keke. A kowane shinge sai mu sauka, mu buɗe jaka, mu taka da ƙafa mu wuce, mu sake hawa, ni kuwa ina ta ce wa mai keken ya ƙara wuta, har ya ce Hajiya ko haihuwa za ki karɓa.

Sale tela muka tarar da allura a baki da tef a wuya. Mutum ne mai barkwanci, ya ce yau ga tsohuwar da ta gagari 'yan damfara ta zo kama shi. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, ya nuna wa Rabi saƙon kamar yadda ya zo masa. Rabi ta ajiye wayoyin biyu ta karanta, sai ta ɗago ta ce a nasa babu maganar jami'an tsaro, babu maganar kwashe samari. Sale ya sosa ƙeya. Ya ce shi ya ƙara wannan, don ya lura mutane ba sa jin gargaɗi sai an haɗa musu da soja, kuma ai taimako ya yi. Na dube shi na ce, wato sati uku ina gadin Usman daga abin da ka ɗinka a wannan shagon? Bai sake dariya ba. Ya ce wani direba ne mai suna Ɗanjuma ya turo masa, kuma ya bar ɗinkin ya raka mu da kansa har inda direbobi suke ajiye motoci.

Ɗanjuma yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai muke gani. Da ya fito ya ji abin da ya kawo mu, ya ce shi da Turanci saƙon ya zo masa, shi ya mayar da shi Hausa. Rabi ta karanta na Turancin, layi biyu ne kacal, kuma babu mutanen daji a ciki. Ya ce to, ya ga lambar ta wancan gefen iyaka ce, wa ke can in ba su ba? Saƙon nan yana ta raguwa a hannunmu kamar ana ɓare albasa, ni kuwa duk ɓawon da ya faɗi sai in ji na matso kusa da wani abu. Ɗanjuma ya ce wata Inyamura ce da yake ɗauko wa kaya ta turo masa, ana ce mata Maman Chidi, tana da shagon kayan masarufi a Herwagana.

A shekarar, mace mai mayafi ba ta shiga Herwagana kai tsaye. An jera ganguna an tare hanyoyin coci, samari suna tsaye suna duba duk mai wucewa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa a tsorace yake da kowa. Tun daga nesa na sauke mayafina a kafaɗa, na buɗe tafin hannuwana, na ce wa Rabi ta yi haka. Maman Chidi mace ce gajera mai ƙiba da babbar murya. Da ta gan mu mun nufo shagonta sai ta ja baya ta tsaya bayan buhunan shinkafa. Na yi mata sannu, Rabi ta miƙa mata wayar. Tana ganin saƙon ta ɗora hannu biyu a ka.

Da Hausarta ta kasuwa ta ba mu labari. Ita ce ta rubuta. Wani mutum ya kira ta da wannan lambar yana wani yare da ba ta ji, kalmar kati kawai ta tsinta, ta ce ga ɓarayi sun zo, ta rubuta wa matan cocinsu layi biyu su yi hankali. Bayan kwana biyu lambar ta sake kira, ta ɗauka don ta zage shi, sai ta ji muryar ƙanenta Emeka, wanda yake sayar da kayan gyaran babur a garin da ya faɗi. Ashe wayar wani mai shago ce a wani ƙauye a hayin iyaka, inda 'yan gudun hijira suke layi a gindin bishiya kowa ya kira nasa. Ta ce tun ranar ta tura wa kowa cewa ta yi kuskure, amma babu wanda ya tura wannan gaba. Ta ɗaga murya ta kira Emeka, ta ce sati guda ke nan da dawowarsa.

Ya fito daga cikin shago yana ɗingishi, sanye da silifas. Ban dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa na duba. Faratansa da tsagar dugadugansa duk sun rine da wani shuɗi mai duhu. Na san wannan launin. Maganin da ake fesa wa shanu ne a kan ciwo, shi ya ɓata mini tabarmi da ƙofofi shekara da shekaru. Na ce masa, ɗana, wa ya sa maka wannan? Ya ce wani dogon Bafulatani ne mai baƙar jaka, suna ce masa Likita, duk wanda tafiya ta farfasa wa ƙafa shi yake wanke masa ya fesa masa maganin shanu. Ya ce kullum da yamma mutumin yakan shiga layin waya, ya buga lamba ɗaya sau biyu, ba a ɗauka, ya koma ya zauna.

"In muka tambaye shi," in ji Emeka, "sai ya ce tsohuwarsa ba ta jin ƙarar waya in tana aiki, gobe za ta ɗauka."

Rabi ta durƙushe a ƙasa. Ni kuma na kasa kwance ƙullin bakin zanena, sai Maman Chidi ce ta kwance da haƙorinta. Ta ciro kati daga cikin kayan shagonta, ta kankare, ta loda, ta buga lambar, ta manna mini a kunne. Wani dattijo ya ɗauka da Fulatanci. Na gaishe shi da harshenmu, ya amsa da murna, ya ce mutane sun fi a ƙirga a wurinsa, in faɗi sunan wanda nake nema. Sai na tsaya. Na miƙa wa Rabi. Ita ma ta tsaya, don mace ba ta kama sunan mijinta, balle a gaban uwarsa. Ta mayar mini, na mayar mata. Kati yana ta ƙonewa, Maman Chidi tana duban wannan tana duban waccan.

"Ke uwa, ke mata, duk cikinku babu mai iya faɗin sunan mutum? Ku ba ni nan."

Ta fizge wayar ta yi ihu a ciki, ta ce Likita, mai maganin shanu, a kira Likita. Muka ji dattijon yana ƙwala kira, muka ji kaji, muka ji gudun ƙafafu, wani yana haki. Ta mayar mini da wayar.

"Adda."

Duk abin da na tara a ƙirjina na tsawon kwanakin nan, abin da ya fito daga bakina shi ne, kana lafiya? Ya ce lafiya lau. Na ce to madalla, ga Rabi. Na miƙa mata, na zagaya bayan buhunan shinkafa inda ba ya jina sosai, na rangaɗa guɗa, ni da ban yi guɗa ba ko a bikinsa. Maman Chidi ta kama hannuwana tana tsalle tana waƙar cocinsu, Emeka yana tafi, samarin da ke gadin hanya suka rugo a guje suna tsammanin wani abu ya faru. Sai ga tsohuwar Bafulatana da Inyamura suna juyi a tsakanin katan ɗin sabulu, mayafina a ƙasa, ɗankwalinta a ƙasa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, ko kafin ta ko bayanta.

Muka yi da shi zai kira bayan la'asar kamar kullum. Ban san yadda muka iso Nasarawo ba, na dai san na shiga gida da takalmi ɗaya. Na zauna a bakin gadon mahaifinku da wayar a tafin hannuna, ban gaya masa komai ba, amma ya dubi fuskata ya gane. Da ta yi ƙara na ɗauka tun kafin ta gama kukan farko, na sa masa a kunnen hagu. Ina jin muryar yayanku yana ta gaisuwa, yana tambayar jiki, yana tambayar gida. Hawaye suna gangarowa ta gefen idon mahaifinku suna shiga kunnensa. Ya tattara ƙarfinsa duka, ya faɗi kalma biyu, kuma suka fito sarai yadda kowa a ɗakin ya ji.

"Ka taho."

Tahowar ce ba ta da sauƙi. Takardunsa duk sun zube a daji, kuma a lokacin namiji mai irin shekarunsa ba ya wuce shinge ba tare da shaida ba. Sai da mai unguwa ya rubuta takarda, Ɗanjuma direba ya nemo wani ɗan kasuwa mai zuwa wancan gefen ya kai masa ita da kuɗin mota, sannan ya zagayo ta doguwar hanya. A cikin kwanakin ban zauna ba. Na koma wurin Sale na tsaya a kansa har ya rubuta gyara ya tura wa duk wanda ya tura wa na farko. Na bi gidajen Nasarawo da ƙafata ina cewa ni ce na ce kada a ɗauka, yanzu ni ce nake cewa a ɗauka. Gida biyu a layinmu sun ji muryar nasu a wannan satin. 'Yan damfara ba su daina kira ba, kuma ba duk gargaɗi ne ƙarya ba, amma tun daga nan wanda ya kawo mini saƙo sai ya gaya mini hannun da ya fito, in kuwa ya gaza, saƙon a ƙofata yake kwana.

Kwana goma sha biyu tafiyar ta ɗauke shi. Mahaifinku ya cika a na goma, da safe, bayan ya tambaye ni ko motar ta iso. Na sha yin lissafin nan a kan tabarmar takaba, kuma har yau ina yi. Da na ɗauki wayar a ranar farko, da sun yi kwana goma sha tara tare. Da ya juya shi a kan gado, da ya yi masa aski, da shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Yayanku ya sauka a tasha yana murmushi da tsarabar zuma a hannu, Usman ne ya tarye shi, kuma tun daga fuskar Usman ya ajiye zumar a ƙasa.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan babin. Ranar sadakar uku, ɗaki cike da mata, Goggo Fadi ƙanwar mahaifinku ta ce ai duk wannan aikin 'yan boko ne. Ta ce Rabi ce mai karatu, ita ta karanta saƙon, ita ta ruɗa tsohuwa, ita ta ɓoye wayar. Rabi tana durƙushe tana zuba ruwa a buta. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba, don ba za ta ƙaryata babba ba, ba kuma za ta tona surukarta a cikin taro ba. Ni ina zaune da carbi a hannu. Kalma ɗaya ta ishe ni, ban faɗa ba. Na ji kunyar a ce tsohuwar da ta gagari 'yan damfara ita ce ta hana ɗanta ganin ubansa. Kuka ɗauka kuka riƙe. Na ga yadda kuka daina cin tuwonta da daɗi, na ga yadda kuke gaishe ta a tsaye, shekara da shekaru ina gani ina kawar da kai. To ku ji: Rabi ta roƙe ni in ɗauka tun ranar farko. Ni na jefa wayar a samira, ni na rufe, ni na yi mata barazana da rashin yafiya. Ba ta da laifin ko kwana ɗaya a cikin goma sha taran nan.

Jiya na kira ta ɗakina na gaya mata abin da zan sa a rubuta, na ce ta yafe mini, kuma abin da na fi tsoro shi ne ranar da mijinta zai ji. Tana matsa mini ƙafa, ba ta daina ba, ba ta kuma ɗago ba.

"Dada, ai ya sani. Tun satin da ya dawo ya tambaye ni, na gaya masa. Shi ya ce in yi haƙuri in ɗauka, kada ki taɓa sanin ya sani."

Duk Jumma'ar duniya yaron nan yana zuwa ya durƙusa a bakin ƙofata, ya ce Adda ina kwana, ya gyara mini gidan sauro, ya tafi. Ni ina ɓoye masa, shi yana ɓoye mini, yarinyar mutane tana tsakaninmu da kayan a kanta. Hadiza, in kin gama rubutawa, ki je ki kira mini su duka biyun. Ki ce ya zo yau, kada ya jira Jumma'a.